Yadda za ki kwaso dabarun tattalin kakanni ki yi aiki da su a gidanki

Tambaya: Na fara tattara tarihin zuri'armu, kuma duk sanda na zauna da kakata sai hira ta karkata ga yadda suka riƙe gida mai jama'a ba tare da an zubar da komai ba. Tsohon tufafi, ragowar abinci, toka, kitse, kowanne yana da inda yake zuwa. Ina so in dawo da wannan tsari gidana, amma in na tambaye ta awo sai ta ce "daidai misali". Ta ina zan fara? Kuma duk abin da suka yi ne ya dace a kwaikwaya?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki ga kamar rowa Kaka take miki. Awon yana nan, sai dai a hannunta yake da idonta da hancinta, kuma tunda take ba wanda ya taɓa sa ta faɗe shi da baki. Waɗanda suka koya a wurinta tsayawa suka yi a gefenta shekara da shekaru har hannunsu ya ɗauka. Ke ba ki da waɗannan shekarun, don haka aikinki biyu ne: ki mayar da abin da ke hannunta lamba, sannan ki tono dalilin kowane mataki. Na biyun ya fi nauyi. Dabarar da aka ɗauko babu dalilinta tana aiki ne muddin yanayi bai sauya ba, ke kuwa gidanki ya sha bamban da nasu. Wutar girki daban, tukunya daban, yawan masu ci daban, har zaren da aka saƙa tufafinku da shi daban.

Fara da gyara tambaya. In kika ce "ba ni labarin yadda kuke tattali a da", abin da za ki samu wa'azi ne a kan lalacewar 'ya'yan zamani. Ki tsayar da tambayar a kan abu guda. In zanin gado ya mutu a tsakiya, me ake yi da shi? Ruwan da aka wanke hatsi ina yake zuwa? Wa ke yin aikin, kuma a wane lokaci na shekara? In da hali ki ɗora mata abin a cinya, tsohuwar tukunya ko tsohon mayafi, domin abin da hannu ya taɓa ya fi tayar da tunani. Akwai kuma tambayar da ba a tsallakewa: "Kaka, an taɓa yi ya ɓaci? Yaya aka gane?" Zuciya takan riƙe nasara ta saki asara. Buhun da ƙwari suka cinye, da abincin da ya kwantar da gida kwana uku, ba sa shigowa hira sai an kira su, alhali a nan ne rabin ilimin yake.

Maganar awo, sikelin kicin mai auna giram ɗaya-ɗaya shi ke raba gardama. Kada ki ce ta zuba a kan sikeli, hannunta zai rikice ta zuba abin da ba ta saba ba. Ɗora kwanon gishirin kansa a kan sikelin, ki danna ya koma sifiri, ki bar ta ta ɗiba yadda ta saba tana hira. Lambar da ta fito da alamar ragi ita ce abin da ta ɗiba. Ki auna abin da ta zuba wa gishirin shi ma, domin giram 18 ba ya nufin komai sai an san na kilo nawa ne. A maimaita sau uku a ranaku daban, a ɗauki matsakaici. In kika ga bambancin ya yi yawa, misali yau 15 gobe 24, ba kuskure ta yi ba, wani abu take gyarawa: zafin gari, ko ɗanyantakar kayan, ko tsawon lokacin da za a ajiye. Tambaye ta a take. Abin da take kira "kofi" ko "kwano" kuwa, ki cika shi da ruwa ki auna, giram ɗaya na ruwa mililita ɗaya ne. "Sai ya nuna" ma ana mayar da shi minti da agogon waya, amma ki rubuta alamar da take dubawa, launi ko ƙamshi ko ƙarar tafasa, domin alamar ta fi mintin gaskiya in wuta ta sauya.

Ki riƙa naɗar muryarta, da izininta. Ajiye wayar kamar kamu ɗaya da rabi daga bakinta, a kashe fanka da talabijin, a fara da faɗin kwanan wata da sunan mai magana. Kada zama ya wuce awa ɗaya, tsofaffi sukan gaji su fara amsa abin da suka ga kina so. Ki rubuta abin da aka naɗa cikin makon, tun kina iya komawa ki tambayi abin da bai fito ba, kuma ki ajiye kwafi a wuri uku, ɗaya ba a cikin gidan ba. Shekaru kuwa, da wuya ta ba ki lamba. Ɗaure labarin da wani abu sananne: kafin a haifi wane ne ko bayan, shekarar fari ce ko ta yaƙi, a tsohon gida ne ko bayan ƙaura. Ki tambayi wani dattijon daban, ba a gabanta ba, sannan ki rubuta wa ya ce me. In maganganu biyu suka saɓa, ki bar su duka a rubuce, kada ki narkar da su su zama ɗaya.

In an samu tsofaffin takardu, littafin bashi ko rasit ko wasiƙa, sun fi hira faɗin abin da gida yake saye da abin da yake yi da kansa. Kada a yi musu laminatin, zafi da gam ɗin ba sa fita. Kada a liƙa salatif, yana rawaya ya cinye takarda. A bayan hoto da fensir mai laushi ake rubutu, ban da biro. A yi sikanin hotuna a kan 600 dpi, a ajiye na asalin a shimfiɗe inda ba danshi ba rana.

Da kin tara kaɗan za ki lura cewa ba tarin dabaru ba ne a warwatse, tsari ne guda: kowane abu yana sauka mataki-mataki kafin ya kai juji. Tufafi sun fi nuna wannan. Rigar fita ta koma ta zaman gida, a rage ta ga yaro, a yanka inda bai mutu ba a yi faci, ragowar ya zama tsumman goge kwano, daga nan na goge ƙasa. Zanin gadon da ya mutu a tsakiya ana raba shi biyu a tsaye, a haɗa gefe da gefe su zama sabuwar tsakiya, a kalmashe bakin. Kwalar riga ana farke ta a juya. Faci yana da ƙa'ida uku: ya wuce ɓular da santimita biyu ta kowane gefe don ɗinkin ya kama lafiyayyen wuri, nauyinsa ya yi daidai da na rigar, kuma in sabon yadi ne a wanke shi tukuna. In ba a wanke ba zai tsuke a wankin farko ya yage tsohon. Sai dai wannan tsarin na auduga ne da lilin da ulu. Yadin roba irin foliyesta ba ya shan ruwa, ba ya zama tsumman kirki, ba ya ruɓewa a taki. Wanda ke son tufafinsa su bi wannan hanyar, tun a wurin saye yake yanke hukunci.

Ki kuma tantance wane zamani take ba ki labari, domin wani tattalin hikima ce, wani kuwa dole ce ta sa. A Birtaniya, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an fara taƙaita sayen tufafi da kati ranar 1 ga Yuni 1941, da farko kati 66 ga mutum a shekara, rigar mace ɗaya tana cin 11, kuma ba a ɗage ba sai 1949. A Amurka, lokacin matsin tattalin arziki na shekarun 1930, mata suna ɗinka riguna da buhun fulawa, har kamfanoni suka shiga buga wa buhunan zanen furanni. Kusan kowace zuri'a a duniya tana da irin waɗannan shekarun. Abin da aka yi a cikinsu yakan nuna gwaninta, amma masu yinsa da dama sun yar da shi ranar da suka samu sauƙi, kuma suna da dalili. Tambayi Kaka wanne ta ci gaba da yi bayan wadata ta zo. Wannan shi ne ya ci jarrabawa.

Kafin ki ɗauki ko ɗaya, auna gidanki. Mako guda ki raba shara a buhu huɗu: abincin da da an ci, ɓawo da ƙashi, leda da kwali da kwalba, sai sauran tarkace. Kowane dare ki auna ki rubuta, tare da dalili a kalma biyu, "an manta", "ya yi yawa", "ƙwari". Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya kiyasta cewa an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a 2022, kashi 60 cikin ɗari daga gidaje, kimanin kilo 79 ga kowane mutum a shekara. A gidaje da dama buhun abinci ne ke rinjaye, kuma ɗaya daga cikin dalilansa shi ne dafa abin da ya wuce kima. Maganinsa ba ya buƙatar wata fasaha: giram 75 zuwa 90 na ɗanyar shinkafa ya ishi babba ɗaya, a daidaita da cin gidan a tsaya a kai.

Ragowar abinci shi ne wurin da kwaikwayo ido rufe ya fi cutarwa. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa da sauri tsakanin digiri 5 da 60, kuma dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a wannan tsakanin ba, awa ɗaya in gari ya yi zafi ƙwarai. Tsofaffi sun kauce wa wannan ta hanyar da ba sa kawowa a hira saboda sun ɗauke ta ba komai ba: gida mai mutum goma sha ba ya barin abinci ya daɗe, kuma abin da ya kwana ana sake tafasa shi sosai da dare da kuma asuba. Ke mai firji, ki juye a faffaɗan kwano, kaurin abincin kada ya wuce santimita biyar, don ya huce da wuri. Babbar tukunya in aka cusa ta a firji yadda take, tsakiyarta na iya kwana da ɗumi. A ci cikin kwana uku zuwa huɗu, a ɗumama har ya kai digiri 75 yana tururi ciki da waje, kuma abin da za a ci kaɗai ake ɗumamawa. Shinkafa tana da nata sharrin. Ƙwayar Bacillus cereus tana tsira daga dahuwa, in shinkafar ta zauna da ɗumi sai ta saki guba da ɗumame ba ya kashewa. Don haka a sanyaya ta cikin awa ɗaya, a cinye washegari.

Ajiyar hatsi da wake kuwa, a nan za ki ga kakanni sun san abin da suke yi, domin duk dabarunsu a kan abu biyu suke: bushewa da hana iska. Hatsi yana zama lafiya in danshinsa bai wuce kashi 13 cikin ɗari ba. Gwajin cizo, wato ƙwaya ta fashe ƙaras ba ta lotsa ba, yana ba da haske, amma gwajin gishiri ya fi shi. Samu busasshiyar kwalbar gilashi, zuba hatsi sulusinta, ƙara cokali biyu na gishirin da aka busar sosai, rufe, girgiza minti ɗaya, bar ta minti 15, sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, danshi ya haura kashi 15, a mayar rana. Bayan shanya a bar hatsin ya huce kafin a rufe, in ba haka ba zai yi gumi a ciki. Mazubin a cika shi fal, a toshe bakinsa yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwarin da ke ciki za su shanye iskar da ta rage su mutu, amma sai an bar shi a rufe makonni. Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗewa kullum ana ɗiba, don haka ki ware na amfanin wata a ƙaramin mazubi. Buhun PICS mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007 wannan tsohuwar hikimar ce aka sa wa leda. In kayan kaɗan ne, mako ɗaya a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri yana kashe ƙwari da ƙwansu.

Abin da ba za ki gada ba shi ne wanke hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna a ci don gudun asara. Gubar aflatoksin ba a san ta ba sai bayan 1960, shekarar da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin gyaɗa mai fumfuna. Tana lalata hanta a hankali, dahuwa ba ta kashe ta, kuma in aka ba saniya tana bi ta madara. Tsofaffi ba su danganta ciwon da hatsin ba saboda tazarar shekaru ce a tsakaninsu.

Adana ganye da kayan lambu da gishiri yana aiki in an auna: giram 20 zuwa 25 na gishiri ga kowane kilo, a danne har ruwansa ya rufe shi, a ɗora nauyi, a bar wa iska ƙofar fita. In gishiri ya gaza, ya yi yauƙi ya ruɓe. In ya zarce, tsamin ba zai taso ba. Duk abin da ya leƙo saman ruwa shi ke fumfuna. Rufe dafaffen abinci a kwalba kuwa wata magana ce daban, kuma a nan ba a bin hannun kowa. Nicolas Appert na Faransa ya wallafa hanyar a 1810 ba tare da ya san dalilin da ya sa take aiki ba, sai bayan kimanin shekara hamsin Louis Pasteur ya bayyana aikin ƙwayoyin cuta. Tafasasshen ruwa yana tsayawa a digiri 100, ƙwayar da ke haddasa gubar botulizim kuwa ba ta mutuwa a nan. Abinci mai tsami, wanda pH ɗinsa (ma'aunin tsami ne, lambar tana raguwa in tsami ya ƙaru) bai kai 4.6 ba, ya tsira domin ƙwayar ba ta girma a tsami. Nama, kifi, wake da yawancin kayan lambu sai da tukunyar matsi ta musamman mai kaiwa digiri 116. Tumatir a kan iyaka yake, shi ya sa ake ƙara cokali biyu na ruwan lemon tsami a kowace lita. Gubar ba lallai ta yi wari ko ta sauya launi ba. In ba ki da tukunyar, ki busar ko ki daskarar.

Dabarar da a ganina ta fi kowacce biyan wahalarta ita ce ƙarasa girki ba wuta. A tafasa abinci, a sauke tukunyar da murfinta, a dulmiya ta cikin kwando ko kwali da aka cusa wa tsohon bargo ko busasshiyar ciyawa, kauri santimita goma ta ko'ina, har da ƙasa da sama. Shinkafa minti biyar a wuta, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kwando. Waken da aka jiƙa minti 15 yana tafasa da ƙarfi, sannan awa uku zuwa huɗu. Wannan tafasar ba a rage ta, musamman ga jan wake, domin tana kashe wata guba da ke cikinsa wadda ɗumi kawai ba ya kashewa. Abu uku ke ɓata aikin: tukunyar da ba ta kai kashi biyu cikin uku a cike ba, murfin da ba ya zama daram, da leƙe. In kika buɗe kika tarar zafin ya sauka ƙasa da digiri 60, a mayar wuta ya tafasa kafin a ci.

Sai kitse da sabulu. Man suya ana tace shi da kyalle bayan ya huce, a rufe a ajiye inda ba haske. Ranar da ya yi duhu, ko yake kumfa, ko yake hayaƙi tun bai yi zafi ba, ya gama aikin ci, sai sabulun wanki. Kitsen dabba ana yanka shi ƙanana a narkar a ƙaramar wuta da ɗan ruwa, a tace, a bar shi ya daskare, a kankare dattin da ya kwanta a ƙasa. Tsofaffi da ruwan toka suke dafa shi, kuma shi ya sa sabulunsu yakan fito da laushi, wani lokaci ya ci hannu: sinadarin toka fotash ne, ƙarfinsa kuma ya danganta da itacen da aka ƙona, ba ya zama ɗaya sau biyu. Da kostik soda ana iya lissafi. Kilo ɗaya na kitsen saniya yana cin kimanin giram 140 na soda. A rage kashi biyar cikin ɗari don kada soda ta yi saura, ya zama giram 133, a narkar a ruwan sanyi giram 330. Sodar ake zubawa cikin ruwa a hankali. In aka zuba ruwa a kan soda zai iya tartsatsi ya watsu a fuska. Ruwan zai yi zafi ya kusa tafasa da kansa, a bar shi ya sauko wajen digiri 40 zuwa 45, kitsen ma haka, sannan a haɗa ana juyawa har ya yi kaurin da in kika ɗiga a sama sawun zai tsaya. A juye a mazubi, a yanka bayan kwana ɗaya ko biyu, a jera a inuwa mai iska mako huɗu zuwa shida. Kowane mai da nasa lissafin, man kwakwa ya fi cin soda nesa ba kusa ba, don haka kada a ɗauki lambar kitse a ɗora wa wani. Safar hannu da tabarau dole ne, yara su yi nisa, kuma ban da tukunyar alminiyam, soda tana cin ta ta fitar da iska mai kama wuta. In ya fallatsa a fata, ruwa mai yawa minti 15. Sabulun da ya fito yana marmashewa da farin gari a ciki soda ta yi yawa, wanda yake naso yana wari kuwa mai ne ya yi yawa.

Tokar itace tana cire maiƙo a tukunyar ƙarfe, amma tana baƙanta alminiyam tana kuma busar da hannu. A lambu giram 50 zuwa 70 ya isa kowace murabba'in mita a shekara, kuma ba a haɗa ta da takin yuriya, tana korar sinadarin ya bi iska. Tokar katako mai fenti ko wanda aka yi wa maganin gara ba ta shiga lambu. Taki kuwa, kashi biyu zuwa uku na busasshen ganye da kwali ga kashi ɗaya na ɓawon kicin, tarin ya kai kamar mita ɗaya ta kowane gefe, a juya mako-mako. Damƙi cikin hannu ki matse, ɗigo ɗaya ko biyu ake so. Warin fitsari na nufin ɗanye ya yi yawa, warin ruɓa na nufin ruwa ya yi yawa iska ta gaza. Ruwan ɗauraya yana ban-ruwan itatuwa in an yi amfani da shi a ranar, ban da ganyen da ake ci ɗanye.

Wasu abubuwan a rubuta su a tarihi, a bar su a can. Jarka ko gwangwanin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, fenti ko man inji ba ya komawa na ruwa ko abinci, komai wanki. Jarida ba ta naɗe abinci mai zafi ko mai maiƙo, tawada tana bi. Tsohon kwanon tangaran mai sheƙi da ya tsattsage, da tukunyar da aka zuba daga tarkacen inji, suna iya sakin dalma, musamman in abincin mai tsami ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, yara ne kuma suka fi jin jiki. Tagulla marar rufi da bokitin kwano ba sa zama da tsami. Bilic ba ya haɗuwa da ruwan khal ko amoniya, iskar da ke tashi tana ƙona huhu. Tsumman da ya sha man linsid na goge katako yana iya kama wuta da kansa in aka dunƙule shi, a shanya shi a buɗe a waje. Ƙona leda don rage shara kuwa an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Saura lissafin da ba a cika yi ba, na lokaci. Wancan tsarin ya tsaya ne a kan hannuwa da yawa, galibi na mata da yara, waɗanda ba a biya su ba. Shi ya sa tambayar "wa ke yin aikin" take da amfani: in amsar ita ce mutum huɗu ne suke wuni a kai, ke kaɗai ba za ki iya ba bayan kin dawo daga aiki. Ɗauki dabara biyu kacal daga buhun da ya fi nauyi a awonki, ki yi su wata guda, ki rubuta mintin da suka ci da kilon da suka rage, sannan ki sake auna shara. Wadda ta ci awa uku ta rage ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a sauke ta, sai in daɗin yinta kike ji. A mafi yawan gidaje auna abin da za a dafa, rufe hatsi da kwandon girki su ke fitowa a gaba, sabulu yana can baya. Ki kuma sa wa ajiya iyaka, domin a da kwalba da gwangwani tsada gare su shi ya sa ake ɓoye kowanne, yanzu kuwa kullum shigowa suke. Kanta ɗaya ta kwalabe, jaka ɗaya ta tsumma. In sun cika, sabon da ya shigo ko ya maye gurbin wanda ya fi lalacewa, ko ya tafi wurin masu sayen kayan sake sarrafawa.